Gaurakar da Aka Daka a Turmi

Ka ce tsufa ya kama ka, aikin da ka yi a da kuma ya zama kayan ajiya. Bari in ba ka misali da wata mata da na sani a yawona. Garin ya ɓace mini, ina dai tuna akwai kogi daga gabas. Jikar maginan tukwane ce, ta yi karatun sana'ar har ƙasashen waje, ta koma gina siffofin tsuntsaye da yumɓu, ana zuwa kallo daga nesa. Da shekaru suka ja, aka kai ta koyarwa wata sabuwar makaranta. Yumɓun wurin yana da santsi ƙwarai, ga daɗin gini, amma ba ya jure wuta. Duk abin da ɗalibanta suka gina, in an buɗe tanderu sai a tarar ya tsage. Gashin tanderu ɗaya ya rage kafin jarrabawar fita, wanda ba shi da aiki lafiyayye kuwa zai maimaita shekara. Maganin sananne ne: a daka tsingaron da ya riga ya sha wuta, a cuɗa cikin sabon yumɓu. To amma tukwanen kasuwar garin gashin kara ne, narkewa suke a zafin tanderu.

Wata safiya sai ga ta da siffar gauraka wadda ta sha wutar tanderu, a cikin kwando, aikin da ya fara fito da sunanta tana matashiya. Ta ce a aro turmi. Babbar ɗalibarta ta riƙe taɓarya ta kasa sauke ta, ta ce, “Malama, wannan fa har a jarida an buga ta.” Malamar ta ce, “Jaridar ba ta hana ta shan ƙura a kan kabad ba. Daka, 'yar nan, rana tana yi.” Aka daka, aka tankaɗe, kowa ya samu ɗan ƙoƙo guda ya cuɗa a nasa. Sun kai goma sha, ko ba su kai ba, ban riƙe ba. Da aka buɗe tanderu, mutum ɗaya ne nasa ya tsage, shi ma don ya yi gaggawar busarwa. Ita kuwa ta wanke turmin ta mayar wa masu shi.

Da tsohuwar zuma ake magani.