Butum-butumin da Ya Ƙi Durƙusawa

Da kwanon rufin gidajen da 'yan bindiga suka ƙona a ƙauyensu, gefen 'Yankuzo, Sabiru mai walda ya ƙera shi. Butum-butumi ne mai tafiya da magana, babban yatsansa na dama a shafe da tawadar zaɓe.

Ranar kasuwar Tsafe ya fara fitowa. Da murya irin ta fasasshiyar lasifika ya jero sunayen mutanen ƙauyen da aka soke wa rumfar zaɓe, ɗaya bayan ɗaya, ya ce a maido musu da ita. Daga nan sai Bunguɗu, sai Gusau. Yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Azahar na yi Sabiru kan shigar da shi bayan a-kori-kura ya saki tampol, wai batir zai huta.

Honorabul Lawwali, ɗan majalisar yankin, shi ya shiga ya fita aka soke rumfar, don ya san ƙuri'ar ƙauyen ba tasa ba ce. Ɗan ƙauyen ne fa, amma shekara bakwai rabonsa da leƙa su. Abin da ya fi ƙona masa rai, wannan ƙarfen banza ya ambaci sunan kowa, har kansila, amma in ya zo kansa sai ya ce "wancan".

Ya sa aka kawo Sabiru da butum-butumin taronsa a Sabon Gari, gaban jama'a da 'yan jarida.

"Malam Sabiru, sa shi shi durƙusa shi hwaɗi sunana. In ba haka ba, maganar rumfa ku manta da ita."

"Ranka shi daɗe, ga rimot. Gwada da kanka."

Honorabul ya danna, ya danna, har gumi ya jiƙa masa malum-malum. Ƙarfe yana tsaye ƙyam, ko gezau. Sai ma ya ɗaga yatsan tawada sama, jama'a suka ɗaga nasu.

Kunya da haushi suka rufe Honorabul. Ya yi wurgi da rimot, ya sa hannu biyu ya fizge kan butum-butumin don ya tsinke wayoyin ciki.

Babu waya ko ɗaya.

Shi ne ya zube bisa gwiwoyinsa, don Inno ce a ciki tana gyara ɗankwali, mahaifiyarsa, wadda tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba.