Saura Kwana Tara

Tun da ruwa ya cinye tsohuwar unguwa, Iya Kande take zaune a wani filin haya, inda ɗakin kwantena naka ne amma ƙasar ta mai fili ce. Doka ta ce duk wanda ya shekara goma a fuloti ɗaya ba mai tashinsa, kuma kowane kuɗi sai an rubuta shi ɓaro-ɓaro a allon ƙofa.

Saura kwana tara ta cika goman, motar ɗaga kaya ta tsaya a ƙofarta da hantsi.

"Ɗanladi, wane irin rashin tsoron Allah ne wannan?" ta ce da mai kula da filin.

"Haba Iya, wa ya isa ya kore ki? Fuloti na gaba kawai za ki koma, za a gyara magudana. Ga kuɗin ɗagawar can a allo, ba mu ɓoye komai ba."

"Magudanar da ba ta toshewa sai mutum ya kusa goma? Shekaruna fa?"

Ya sosa ƙeya. "Sabon fuloti, sabon lissafi, Iya."

Tana huci aka ɗaga ɗakin, kwanukanta suna ƙara a ciki. Lemon da ta dasa da hannunta ya zama na wasu. A sabon wurin ta tarar da gwaiba mai 'ya'ya, wadda maƙwabciyarta ta shekara tara tana ba ruwa kafin ita ma a matsar da ita gaba.

Sai a lokacin ta dubi layin nasu har ƙarshe. Kowa a inuwar bishiyar maƙwabcinsa yake zaune.