Makewayin Indo

Shekarar da aka gama Taron Ƙasa bakin kowa ya buɗe a Gazawa, har da bakunan da ya kamata a ɗinke. Su suka kai wa Indo, kakar Rahina, labarin cewa Garzali, malamin jami'ar Yamai da ke neman jikarta, yana leƙen ƙasa da tauraron ɗan adam. Makewayin gidan kuwa ba rufi. Tsohuwa ta rantse ba aure.

Rahina na raɓe a bakin zaure lokacin da Garzali ya durƙusa gaban Indo ya shimfiɗa hoton da tauraron ya ɗauko a tabarma. Ya saci kallon Rahina sau ɗaya.

"Kaka, zafin ƙasa kawai yake aunawa. Ja, wuri ne busasshe. Shuɗi, akwai damshi, can ake neman rijiya."

"Bar ni da rijiya, marar kunya. Nuna mini inda nake wanka."

Ya ɗora farce kan wani ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba. "Ga Gazawa duka, har da tasha."

Indo ta kusanto da ido, ta daɗe tana dubawa. Rahina ta matso tana leƙe.

"Wato tun damina nake wanka da zane a banza?" Tsohuwa ta ture hoton. "Duk karatun nan, kyakkyawa kamata ba ka hango ba? Ke Rahina, bar wannan dariyar ki zo ki kwashi makahonki, ni ban so. Kai kuma ka ce wa magabatanka su turo goro."