Ranar da Muƙamuƙinsa Ya Saki

Matar na tsaye tana kallo, likita ta soka wa maigidanta siraran allurai a gindin kunne, ta maƙala musu waya, ta kunna lantarki. Kuncinsa ya kama rawa, yawu na dalala. Matar ta share masa, kamar yadda ta saba tun da muƙamuƙinsa ya ƙage wata da watanni, tana ba shi abinci a cokali.

Da aka zare alluran, bakin ya buɗe. Ya washe wa likita haƙora.

"Hannunki da laushi, likita. Wannan matar tawa kuwa, kamar mai ɗura wa akuya magani."

Matar ta juya ta dubi likita.

"Likita, don Allah, akwai allurar da za ta mayar da shi yadda yake?"