Koton Mai Zobe

Dodo ya juya wa jama'a baya kafin ya ɗaura kotonsa. Haka yake yi kullum. Babu wanda ya taɓa ganin bakin zaren fatsarsa, har ana cewa a Sakkwato aka ƙera masa ƙugiyar, aka yi mata tofi.

Ranar gasar kamun kifi ce a tabkin ƙauyensu, gabas da Filinge, bayan an gama girbin gero. Dokar ƙungiyar masunta ba ta da tsawo: fatsa kaɗai, ban da taru, kuma wanda ya fito da tarwaɗa mafi girma kafin kiran la'asar shi ke da rago.

Amma ba ragon ne ya tara mutane ba. Mai Zobe ce, tsohuwar tarwaɗar da ke kwance a gurbin da ba ya ƙafewa ko rani ya yi tsanani. Waɗanda suka taɓa ganin ta juya sun ce kanta ya kai faɗin faifai, da ɗan zoben azurfa maƙale a ƙayarta. Ba wanda ya san yadda ya je can.

Tun shekarar da matarsa Dijatu ta rasu Dodo yake zama a kan gurbin nan. Kowace gasa sai kifin ya cinye masa koto ya tafi. Ya saba da dariyar mutane. Abu ɗaya ne ba zai iya gani ba: Mai Zobe a hannun wani.

Bana kuwa ga Yazid, ɗan kasuwar da ya dawo daga Yamai da sanda mai naɗi da akwatin koto. Ya zauna dab da Dodo, ya gaishe shi da ladabi, ya jefa wani kifin roba mai ƙyalli. Bai daɗe ba ya gane kuskurensa. Ruwan ya yi laka, tarwaɗa kuma da wari take farauta, ba da ido ba. Ya cire robar, ya soka hantar kaza da ta kwana ta yi ɗoyi, ya ƙara nauyi don ta kai ƙasa.

Dodo ya ji warin daga inda yake. Ya san yaron ya iya.

Kumfa ta taso a tsakiyar gurbin, ta fara tafiya a hankali wajen zaren Yazid.

Dodo ya gutsuri curin fura daga ƙwaryarsa, dawon gero da daddawa, kwaɓin da ya koya wajen Dijatu. Ya mulmula shi a bakin zare, ya jefa, ya ƙwanƙwasa gindin ƙwaryar da ɗan yatsa. Kumfar ta tsaya. Ta juyo. Zaren ya miƙe, jama'a suka ɗauki ihu, sai ya saki.

"Kai Dodo!" in ji Manzo taubashinsa daga ƙarƙashin gawo. "Kamun kihi kake, ko walima kake yi mata?"

"Ji da kanka, Manzo. Kai da ko kwaɗo bai gaishe ka ba tun sahe."

Aka yi dariya. Dodo bai yi ba. Ƙwaryarsa yake kallo, da inuwar gawon da ta ƙi tsawo.

Yazid ya bar hanta ya koma sabulu, ya yanka shi ƙanana yadda masuntan kogi suke yi. Duk lokacin da kumfar ta nufe shi, sai Dodo ya jefa, ya ƙwanƙwasa, a cinye, zaren ya dawo. Mulmulen na ƙara ƙanƙancewa. Daga baya ya kankare gindin ƙwaryar da farce, ya jefa abin da ya samu.

Shi ma aka cinye. Ladan bai kira ba.

Sandar Yazid ta lanƙwashe. Ya fizga, ya miƙe tsaye yana naɗi, zaren na kuka. Wani baƙin baya ya keta ruwan. Dodo ya tashi bai san ya tashi ba, ƙwaryar ta faɗi daga cinyarsa, leɓunansa na motsi.

Aka jawo kifin bisa laka, aka juya shi. Babbar tarwaɗa ce. Babu zobe.

Sai ga kiran la'asar.

Jama'a suka bi Yazid da ragonsa. Manzo ya dafa kafaɗar Dodo. "Sai baɗi, maigida. Ka sake maƙeri, wagga ƙugiya taka ba ta da haƙori."

Da wurin ya watse, Dodo ya zauna yana naɗe zarensa, yana tuna shekarar da tabkin ya kusa ƙafewa, Dijatu ta tsinto wata 'yar tarwaɗa cikin laka, ta raine ta a randa har ruwa ya sauka, ta maƙala mata ɗan kunnenta ɗaya a ƙaya, ta sake ta. Ya buɗe tafinsa ya share bakin zaren da gefen riga.

Babu ƙugiya a jikinsa, ba a kuma taɓa sa masa ba, sai ɗayan ɗan kunnen Dijatu na azurfa.