Waken Sodangi da Ranar Sakin Gonaki

Sodangi ya bar wakensa a gona har ranar sakin gonaki ta zo.

Kowa a Karofi ya san ƙa'idar. In girbi ya yi nisa, mai unguwa yakan tsayar da rana. Daga ranar, makiyaya na da izinin kora shanu cikin gonaki su ci kara. Bana sati biyu aka bayar.

Waken nan shi ne burin Sodangi. Da shi zai sayi sa na biyu, ya daina aron shanun huɗa. Shekara uku yana faɗin haka.

Ranar farko ya tafi suna Kurfi. Washegari ya kai fasinja Dutsin-Ma a babur, ya zauna hira har la'asar. Ranar gayyar maƙwabcinsa yana taron siyasa.

Matarsa Rekiya ta ce, "Malam, saura kwana biyar. Waken ya bushe har yana fashewa."

"Ke kike noman ko ni? Roron kwana biyu ne."

Ana saura kwana biyu, Yero makiyayi ya tare shi a hanya. "Sodangi, na ga gonarka. Don Allah ka kwashe. In garke ya shiga, ni kaina ba na iya tsai da shi."

"Jibi ai da sauran lokaci."

Da gari ya waye ya nemi gayya. Ba wanda ya zo, don shi ma bai je ta kowa ba. Shi da Rekiya suka duƙa roro har yatsunsu suka tsage. Ko kwatar gonar ba su ci ba rana ta faɗi.

Washegari da hantsi shanu suka ɓullo ta gabas, garke uku. Sodangi ya tsaya da sanda yana ihu. In ya kori goma, ashirin sun wuce ta bayansa. Kafin azahar ko harawa babu. Rekiya ta zauna a kan kunyar gona.

Mai karatu, ayyuka ba ɗaya ba ne. Kullum ka fara da wanda in ranarsa ta wuce ba ta dawowa. Sauran su biyo baya.

Sodangi ya faɗa zauren mai unguwa yana haki. "Ranka ya daɗe, a kira Yero! An gama da ni!"

"Yaushe shanun suka shiga?"

"Yau."

Mai unguwa ya dube shi. "Yau ranarsu ce. Ba zan kira shi ba."