Ƙauyen da Ya Ci Nama

Direba ya sauka ya ture wasu busassun rassa daga kan hanya yana mita, Tiyamike kuwa ko kai ba ta ɗaga ba. Wannan ne ƙauye na ƙarshe a bayan garin Dedza. Ƙafafunta sun kumbura, bakinta ya gaji da maimaita tambaya ɗaya.

Masarar bana ba ta nuna ba, rumbuna sun daɗe da zama wayam, buhunan agaji kuma ba za su ishi kowa ba. Shi ya sa ƙungiyar agajin da take wa aiki ta tura su gida-gida, su tambayi abin da aka ci cikin kwana bakwai. Ƙauyen da ya fi jin jiki shi za a kai wa motar masara, sauran sai haƙuri.

Ta haddace amsar tun kafin a buɗe baki: ganyen kabewa, dafaffen ɗanyen mangwaro, ruwa. Wasu har gishiri suke ƙarawa, ita kuma ta daina wahalar da kanta wajen tantancewa.

Amma a nan, gidan farko aka ce an ci tuwon masara da nama. Na biyu ma haka, na uku ma. Kowa murya a dashe, ba mai ƙarin bayani, ita ma ba ta nema ba, tunda na'urar hannunta i ko a'a kawai ta sani. Ga manyan tukwane a kife a gindin bishiya, ga bencinan coci an jingine. Yaran dai a rame suke, to amma ina ne ba a rame ba bana? Har haushi ya kama ta, don ita kanta rabonta da nama tun Kirsimeti.

Shugabanta, Bwana Chimwaza, ya kira yana faɗa, wai ita kaɗai ake jira. Gida ɗaya ya rage, na wata Nabanda, shi ma a rufe. Ta danna na'urar ta aika da sakamakon. Ba a jima ba ya sake kira ya ce an cire ƙauyen daga jerin masu samun masara, kuma abin da aka rufe ba a buɗe shi.

Tana shirin shiga mota wani tsoho, maƙwabcin gidan da ke rufe, ya taso da sanda. Ya gaishe ta da hannu biyu, sannan ya tambaya yaushe masarar za ta iso.

Ta rasa ƙarfin yin ƙarya. "Kaka, ba nan za ta zo ba. Ku ai kun tsira, har nama kuke ci."

Tsohon ya nuna gidan da ke rufe da sandarsa.

"Ba ki ga rassan da muke sawa a hanya in an yi rasuwa ba? Garin tuwon dai kowa na ƙarshensa ya kakkaɓo, 'yar nan. Naman kuwa na akuyar Nabanda ne, ta ƙi sayarwa tana ajiye wa jikokinta har yunwa ta kwantar da ita. Ranar da muka binne ta muka yanka wa masu makoki."